Wardi Mai Tarin Furanni: Abin da Bokitin Fenti Ya Koya Mini

Duk mai bi ta bayan hostal ɗin maza zuwa masallaci ya san bokitai biyar ɗin nan da ke jere a gindin katanga. Nawa ne. Ni ne wanda abokai suka laƙaba wa "Sarkin Fulawa" tun ina shekarar farko, kuma tun da furanni suka fara fitowa ba a sati wani bai tare ni ba: "Kai don Allah, ros ɗin nan ta gaske ce ko ta roba?" Ta gaske ce. Yanzu saura mini 'yan watanni in kammala difloma in tattara komatsaina, bokitan nan kuwa ba za su bi ni gida ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na koya, kada su mutu a bayana.

Wace irin wardi ce?

Wardi, wadda masu sayar da fulawa ke kira ros, iri-iri ce. Wadda muka saba gani a hannun amare ita ce mai fure ɗaya babba a kan dogon kara. Tawa daban ce: gajeriya ce, da kaɗan ta wuce gwiwa, kuma reshe ɗaya sai ya ɗauko furanni biyar, bakwai, har fiye, a cure wuri guda. Ana kiran dangin nan filoribanda, wato mai yawan fure. An samo su ne ta hanyar haɗa waccan mai babban fure da wata ƙarama mai tarin furanni da ake kira foliyanta, aikin da iyalan Poulsen na ƙasar Denmak suka yi fice a kansa a farkon ƙarni na 20. Fitacciya a cikinsu ita ce fara mai suna Iceberg, wadda gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958.

Masu lambun bakin titi ba kasafai suke kiran waɗannan sunaye ba, don haka idonka ne zai yi maka aiki. Nemi gajeriya mai rassa uku ko huɗu daga gindi, wadda ka ga 'ya'yan fure sun taru a kan reshe ɗaya, ganyenta kuma babu tabo.

A Jos wardi ba ta ba mutane wahala sosai, domin garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, akwai sanyi. Mu da muke cikin zafi sai mun haɗa da dabara.

Yadda na kashe ukun farko

Da kuɗin abincina na kusan sati guda na sayi uku na farko. Na zuba su a bokitin da ban huda ba, na cika musu ɗanyen kashin kaji, na ajiye su a tsakiyar rana, ina ba su ruwa safe da yamma kamar mai jinya. Sati uku ba su cika ba ganye ya yi rawaya ya zube.

Wani dattijo da ke kula da shuke-shuke a nan kusa ya zo wucewa ya tarar da ni na yi tagumi. Ya karkata bokitin, wani ruwa mai wari ya tsiyayo.

"Baba, ko ruwan ne bai ishe su ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai nutsar da su ka yi. Saiwa ma numfashi take yi, kamar ni da kai."

Daga ranar na gane cewa a wajen sabon mai shuka, yawan gata ya fi sakaci kashe wardi.

Bokiti da ƙasa

Bokitin fenti mai lita 20 ya wadatar. Wanke shi tas, ka sa ƙusa a wuta ka huda ƙasansa wuri shida ko bakwai. Ɗora shi a kan bulo biyu don ruwa ya riƙa fita, kuma gara ta sha wuya kafin ta hau.

Haɗin ƙasata shi ne kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na yashin rafi, kashi ɗaya na takin shanu da ya ruɓe. Alamar ya ruɓe ita ce ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Yi dashe da yamma, kuma farkon damina ya fi. Idan ka ga wani ƙulli a gindin karan, wurin aure ne, kamar dai na mangwaro ɗan aure. Bar shi a saman ƙasa kaɗan.

Rana da ruwa

Wardi na son rana ta kimanin awa shida a yini. Amma ranar azahar ta watan Afrilu babbake ta take yi. Nawa suna gabashin katanga: su sha hantsi, kafin ƙarfe ɗaya inuwa ta rufe su. Da bazara nakan naɗe bokitin da tsohon buhu don kada robar ta yi zafi ta dafa saiwa.

Kafin ka ba ta ruwa, tura yatsanka cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In akwai danshi, ƙyale ta. In ta bushe, zuba a gindi da sassafe har sai ya ɗigo ta ƙasa, ban da jiƙa ganye. Da bazara kusan kullum ne, da damina kuwa sai ka yi sati ba ka ɗauki buta ba. Ranar da famfo ya ƙi, ina tara ruwan alwalata a roba in ba su. Ruwan wanki mai omo kam, kada ka kuskura.

Taki kuma ƙaramin cokali ɗaya na NPK 15-15-15 a wata ya isa. Barbaɗa shi a gefen bokiti nesa da kara, ka bi da ruwa. In zafi ya tsananta, dakata.

Aski shi ne sirrin

A nan ne mutane ke jin tausayi, su cuci shukar. Furen da ya bushe in aka bar shi, sai shukar ta mai da ƙarfinta wajen yin iri, ta rage sabon fure. A cikin tarin, na tsakiya ne ke fara buɗewa, shi ne kuma ke fara yaushi. Tsinke shi shi kaɗai, ka bar 'yan'uwansa. Idan duk tarin ya gama, bi reshen ƙasa har ka iske ganye mai 'ya'ya biyar wanda ke fuskantar waje, ka yanke a karkace daga samansa kaɗan, da almakashi mai kaifi. Daga nan sabon reshe zai tsiro. A wurina, bayan kamar sati shida sai wasu furannin.

Sau ɗaya a shekara, dab da faɗuwar damina, ina yin babban aski: in cire busassun rassa da masu gogar juna, in rage tsayin sauran da kashi ɗaya cikin uku. Duk tohon da ya fito daga ƙasan wurin aure kuwa fizge shi, domin na uwar gindi ne, ƙwace abinci kawai zai yi.

Abokan gaba

A watan Agusta, lokacin marka, baƙin tabo kan fito a ganye. Cuta ce da danshi ke yaɗawa. Tsinke ganyen da ya kamu, ka kwashe wanda ya zuba, ka raba bokitan don iska ta ratsa. Akwai kuma darɓa, ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a kan sabon toho suna tsotsa. Ina daka ganyen dogon yaro in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗiga sabulu kaɗan, in fesa da yamma. Da hunturu ƙura kan lulluɓe ganye, sai in ɗauraye shi da safe sau ɗaya a sati.

Sai awaki, waɗanda ƙaya ba ta hana su komai. Sai kuma 'yan'uwana samari masu tsinkar fure da dare don kai wa hostal ɗin mata. Wallahi na san ku. Ku tambaya mana, ai zan yanka muku yadda ba zai ɓata reshen ba.

Daga ɗaya zuwa goma

Da damina, yanki reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20, wanda ya gama fure. Cire ganyen ƙasa, ka soka rabinsa a ledar fiya wata da ka huda ka cika da yashi da ƙasa. Kifa masa yankakkiyar gorar roba, ka ajiye a inuwa. Cikin wata ɗaya zuwa biyu wanda zai kama zai kama. Bara na sa goma, huɗu suka rayu. Na sayar da biyu, kuma da kuɗin na buga babin farko na furojet ɗina. Ba dukiya ba ce, amma ta sa na fara tunanin abin da zan riƙe kafin takardar aiki ta fito.

Lokacin hutu Baba ne ke duba mini su, ni kuma in na dawo in riƙo masa ɗan goro. Amma shekaru sun ja, bai kamata in bar masa nauyin gaba ɗaya ba. Ina neman ɗalibin shekarar farko, namiji ko mace, wanda zai iya ba da minti goma kowace safiya. Bokitai biyar da almakashi kyauta ne. Ana samuna a gindin katangar bayan la'asar, kuma zan so mu yi askin bana tare kafin in tafi.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.