Tsara Kwalin Bango Domin Koyar da Alamomin Rubutun Hausa

Yawancin kwalayen da ake liƙawa a bangon aji jerin sunaye ne kawai: aya, waƙafi, ruwa biyu, karan ɗori. Ɗalibi kan haddace su, amma ya kasa aiki da su. Ya fi dacewa a gina kwalin bisa tagwayen jimloli, a fito da alamar da jar tawada. "Malam Audu ya iso" labarin mutum ɗaya ne. A "Malam, Audu ya iso" kuwa, malamin ake sanarwa. Haka "Ta dawo." da "Ta dawo?", waɗanda karin murya ke rarrabewa a baka, alhali rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna shi. Amma alamar da ke cikin "sa'a" hamza take wakilta, wato baƙi, saboda haka gurbinta yana kwalin baƙaƙe.