Kuɗin Fito Na Zamani: Labarin Salik A Birnin Dubai

Tun zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja da jakuna domin sayo goro, matafiyi ya san ba a ƙetare kogi ko ƙasar wani sarki a banza. In ayari ya iso bakin Kwara sai a biya kuɗin fito, in kuwa ya shiga ƙasar wani sarki sai madugu ya je ya daidaita abin da za a bayar, sa'an nan a wuce. Ko da yake abin yana da ciwo, mai karɓa yana tsaye a fili, an gan shi, an biya shi, magana ta ƙare nan take. To, a waɗansu ƙasashen waje yanzu an ɗauke mai karɓa, an ɗauke ƙofa, amma kuɗin yana nan daram. Baƙon da bai san haka ba sai ya yi ta wucewa yana murna, alhali kuwa bashi yake ci. Birnin Dubai, inda 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi suke zuwa sarin kaya, shi ne misalin da ya fi kusa.

Ran 1 ga watan Yuli na shekarar 1428 ta Hijira, watau 2007, hukumar hanyoyi da sufuri ta Dubai ta soma karɓar kuɗin hanya da wata dabara wadda aka sa wa suna Salik. Malamai sun san kalmar, domin a Larabci ana cewa hanya salik ce idan tana buɗe, babu abin da ya tare ta. An fara da wuri biyu kaɗai, gadar Al Garhoud da unguwar Al Barsha a kan babbar hanyar Sheikh Zayed. Daga nan aka yi ta ƙari, har a watan Nuwamba na 2024 wuraren suka cika 10.

Ga yadda abin yake aiki. Ana manna wata 'yar takarda mai ɗanko, wadda ba ta wuce girman katin banki ba, a jikin gilashin gaban mota daga ciki. A cikinta akwai ɗan ƙanƙanin ƙarfe mai ɗauke da lamba, ba shi da batir, ba ya bukatar caji. A bisa hanya kuma an gina wani dogon ƙarfe ya gitta daga wannan gefe zuwa wancan, motoci suna bi ta ƙarƙashinsa a guje. Na'urar da ke jikin ƙarfen tana aiko da saƙo irin na wayar iska, 'yar takardar nan ta sami ƙarfi daga saƙon, ta amsa da lambarta. Nan take a cire kuɗi daga ajiyar da mai mota ya zuba tun da fari. Ban da wannan akwai na'urorin ɗaukar hoto waɗanda ke kama lambar kowace mota, saboda haka wanda bai manna takarda ba shi ma an gan shi.

Shekaru da yawa kuɗin wucewa ɗaya dirhami 4 ne. Amma daga ran 31 ga Janairu na 2025 aka sake tsari. Bisa wannan tsari, daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe, da kuma daga ƙarfe 4 na la'asar zuwa 8 na dare, dirhami 6 ake cirewa, domin lokacin ne hanya take cunkushewa. Sauran sa'o'i dirhami 4, daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe kuwa kyauta ne. Ran Lahadi ba a cire fiye da 4, a watan azumi kuma akan sauya sa'o'in.

Mai karatu yana iya cewa dirhami 6 ba wani abu ba ne. To, a yi lissafi. A ce ɗan kasuwa ya sauka a Sharja saboda arahar masauki, ya tashi da safe za shi Jebel Ali, babbar tashar jiragen ruwa, domin ya duba kayansa. In ya bi ta tsakiyar gari zai wuce Al Mamzar, da Al Garhoud, da Al Safa, da Al Barsha, da Jebel Ali, wuri 5 ke nan, dirhami 30. In ya komo da yamma wani 30, jimla 60 a yini ɗaya, watau kimanin dalar Amurka 16. In ya yi kwana 10 yana wannan zirga-zirga, dirhami 600 sun tafi, bai taɓa sa hannu a aljihu ba balle ya ji zafin fitarsu. Alhali kuwa akwai hanyoyin bayan gari, kamar hanyar Sheikh Mohammed bin Zayed da hanyar Emirates, waɗanda ba a sa musu wannan ƙarfe ba. Sun fi nisa, amma matambayi ba ya ɓata.

Yawancin baƙi motar haya suke ɗauka. Ita wannan tana zuwa da takardarta a manne, ajiyar kuwa ta kamfanin haya ce. Bayan an mayar da mota sai kamfani ya tattara dukan wucewar da aka yi, sau da yawa ya ɗora ladansa a kan kowace ɗaya, ya cire daga kuɗin jinginar da baƙo ya ajiye. Wani lokaci mutum ya riga ya koma gida sa'an nan ya ga an taɓa masa kuɗi a banki. Saboda haka wajibi ne tun kafin a sa hannu a takardar haya a tambayi nawa ne ladan kamfani, kuma yaushe za a mayar da ragowar jingina. Wanda ya hau tasi shi ma bai tsira ba, don ana ƙara kuɗin Salik a kan kuɗin mota.

Sai kuma wanda ya ari motar ɗan'uwa ko ta maimasaukinsa. A nan ne akan ɓata zumunci ba da niyya ba. Idan ajiya ta ƙare, mota ta wuce, ana ba mai ita kwanakin aiki 5 ya zuba kuɗi, in bai zuba ba sai tarar dirhami 50. Motar da ba ta da takarda sam ana jinkirta mata kwanakin aiki 10, bayan haka tarar farko dirhami 100, ta biyu 200, daga nan 400. Duk wannan a kan mai mota yake faɗawa, baƙo kuwa ya yi tafiyarsa. Aro amana ne, kuma wanda aka ba aron mota ya kamata ya ƙidaya wuraren da ya wuce, ya biya kafin ya yi sallama, ko da maigida ya ji nauyin tambaya. Haka kuma ba a ɓamɓare takardar wata mota a manna wa wata, domin kowace an ɗaure ta da lambar motarta.

Kada kuma a ɗauka takarda ɗaya tana aiki ko'ina. Abu Dhabi, wadda ke ƙasa ɗaya da Dubai, tana da nata tsari mai suna Darb, wanda aka soma a watan Janairu na 2021 a kan gadoji huɗu masu shiga birnin. Shi ba ya amfani da takarda, lambar mota kurum yake karantawa, kuma rajistarsa daban ce. A Maroko sunan tasu na'ura Jawaz. A Faransa akwai 'yar na'ura da ake rataye wa a gilashi, mai ita ya bi layin da aka rubuta wa harafin "t". Tun 2022 kuma Faransa ta soma buɗe hanyoyi marasa ƙofa, aka fara da A79, a 2024 aka ƙara da hanyar Faris zuwa Nomandi. Wanda ya bi su ba na'ura yana da awa 72 ya biya da kansa, in ya wuce haka sai tara.

Saboda haka duk wanda zai tuƙa mota a baƙuwar ƙasa, abu uku ya kamata ya tambaya tun ranar da ya sauka: ina wuraren biya suke, wa ke riƙe da ajiyar motar, kuma kwana nawa ake jinkirtawa kafin tara. Sa'an nan ya buɗe wa kuɗin hanya shafi a littafin lissafinsa, kusa da kuɗin masauki da na dako, ya rubuta kowace rana tun bai manta ba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.