Allurar da ke ƙona ƙarin hanta, da sharaɗin da ke tare da ita



Kwanakin baya wani dattijo ya tsaya a kantin maganinmu da takardar asibiti a hannu. An ga ƙari a hantar ƙanensa, ɗansa da ke Ingila kuma ya gaya masa akwai allurar da ake ƙona ƙari da ita ba tare da an tsaga ciki ba. Ya ce, "Ɗana, da gaske ne, ko labarin waya ne?" Na ce, "Baba, da gaske ne, amma da sharaɗi."

Allurar nan eriya ce siririya, kaurinta kamar milimita 2. Likita na kallon hoton sikanin, ya soka ta ta fata har tsakiyar ƙarin. Bakinta na fitar da irin ƙarfin da na'urar maikurowef ke ɗumama abinci da shi. Ƙarfin yana girgiza ruwan da ke cikin nama, wurin ya ɗau zafi, da ya haura digiri 60 sai ƙwayoyin ciwon su mutu. Ƙunar kanta takan ɗauki minti 5 zuwa 10. A Japan aka fara, a 1979, don tsayar da jini wurin tiyatar hanta.

Wahalar masu ƙera eriyar ita ce siffar ƙunar. Ƙari yawanci mulmulalle ne kamar curin fura, amma a eriyoyin farko zafi kan bi jikin allurar ya koma baya, sai ƙunar ta fito kamar ludayi: kai zagaye, ga doguwar mariƙa. Mariƙar nan lafiyayyen nama take ci, wani lokaci har fata. Don haka aka sa wa eriyar zoben ƙarfe mai tare ƙarfin kada ya koma baya, aka kuma bi da ruwan sanyi ta cikin allurar. Akwai kuma manyan jijiyoyin jini, masu kwashe zafi su tafi da shi, har gefen ƙarin da ke jikinsu ya iya tsira. Shi ya sa likita ke haɗawa da rabin santimita zuwa santimita 1 na naman kewaye.

Ga sharaɗin. Duk da wannan gyara, aikin ya fi nasara a ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, kamar ƙaramin goro. Ƙari mai wannan girma kuwa galibi ba ya ciwo. Kafin ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ya riga ya fi ƙarfin allura. Takardar dattijon nan santimita 8 ta nuna. Na ce su koma wurin likita ya duba sauran hanyoyin.

Babban abin da ke jawo ciwon dajin hanta a ƙasashenmu shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda kan yi shekaru a jiki shiru. Sai a 2002 Gana ta sa rigakafinsa cikin alluran jarirai, ke nan yawancinmu manya ba mu samu ba.

Saboda haka kowa ya je gwajin jini. Wanda ba shi da cutar ya karɓi alluran rigakafi uku. Wanda ke da ita ya riƙe likita: akwai magani irin tenofovir ga wanda ya dace, ya kuma tambaya ko yana cikin masu bukatar sikanin hanta duk wata 6. A zubar da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, kuma duk jiƙon da ake sha a faɗa wa likita.

Bayan sati guda dattijon ya dawo da 'ya'yan ƙanensa huɗu yana tambayar inda ake gwaji. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.