Janareta ko Sola: Wanne Ya Dace da Gida a Ƙasar Ruma?

Har yau idan fitila ta mutu cewa muke yi an ɗauke NEPA, alhali tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda a duhu. Birane suka ɗauki kuka. A wasu ƙauyukan Batsari da Safana na jihar Katsina kuwa ba abin da ya sauya, don rabonsu da wuta ya fi haka nisa. Magidanci a nan ya daɗe da sanin cewa hasken gidansa a wuyansa yake, kuma hanyoyi biyu ne a gabansa: janareta ko sola.

Kada a ci haƙƙin janareta. Kuɗin sayensa bai kai na sola ba, makaniken da zai gyara shi yana bakin kasuwa, kuma ba ruwansa da hadari ko hazo. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara suna buƙatar ƙarfin da ƙaramar sola ba za ta ba su ba. Sai dai dabba ce mai ci kullum. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba; kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mu kuma muna da darasin da wasu ba su da shi. A 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Mai janareta ya wayi gari da kuɗi a aljihu, ga inji a tsakar gida, babu abin zuba masa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hayaƙi. A cikinsa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga huhu takan kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya zaci zazzaɓi ne. Mai barci ba zai ji komai ba. Masana sun ce a ajiye inji a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. To, a garin da ake kwana da fargabar ɓarawo, wa zai bar abin da ya saya da kuɗin rogonsa a waje? Sai a jawo shi zaure, ko bakin ƙofar ɗaki, a rufe gida. A haka ake rasa iyali guda a dare ɗaya. Ga mai zuba fetur inji na da zafi, ga mai jona shi da wayoyin gida ba tare da ya raba su da layin gari ba, wutarsa ta koma kan turke ta kama ma'aikacin da ke gyara.

Sai kuma ƙara. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma a garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu wannan magana ta wuce karin magana. Haushin kare, rurin babur daga nesa, kiran maƙwabci ta kan katanga, duk janareta na haɗiye su. Yana kuma shelanta wa dare cewa gidan nan akwai abin hannu.

Sola shiru take aikinta. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Faranti ɗaya da batir ɗaya sun isa su kunna ƙwan fitila uku ko huɗu, su juya fanka a zafin bazara, su cika wayoyin gida, kuma waya mai caji a nan tana iya zama silar tsira. Farantin kirki yakan haura shekara 20. Batir ne rauninta: na ruwa yakan gaji cikin 'yan shekaru, da wuri ma idan ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare. Yana kuma fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji, don haka wurinsa inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da hannun yara. Siririyar waya da haɗin da ba fis suna iya tayar da gobara. Ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi, amma maganin wannan tsumma ne da ruwa. Araha ba ta ado: jabun kaya sun cika kasuwa, a tafi da wanda ya san aikin.

A ganina, janareta na wurin sana'a ne, da rana, a sarari. Gidan da ake kwana da mata da yara sola ce ta dace da shi, ko da za a fara da fitila ɗaya mai ɗan faranti, a riƙa ƙarawa bayan kowace kaka. A haɗa da tocila a inda hannu zai kai cikin duhu, kada a kunna kyandir kusa da gidan sauro.

Wanda kuma janareta kaɗai gare shi, ina roƙonsa don Allah: ya sa masa sarƙa da kwaɗo a fili, ya kashe shi kafin a kwanta. Idan wani a gida ya fara ciwon kai inji na aiki, a kashe, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti.