Daga Ɗakin Bincike Zuwa Kasuwa: Abin da Buhun Adana Wake Ya Koya wa Manyan Makarantu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ƙere-ƙere na wata jami'a ko kwaleji a ƙasar nan, da wuya ya fito bai ga tarin na'urorin da malamai da ɗalibai suka ƙera ba: injin sussukar masara, da na matse man gyaɗa, da akwatin busar da tumatir. An gwada su sun yi aiki, an ba ɗalibi makinsa, malami ya sami ƙarin girma, sa'an nan aka jingine su ƙura ta lulluɓe. A waje kuwa manomi yana nan yana sussuka da sanda. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bayyana hanyar da fasaha kan bi daga hannun mai bincike zuwa hannun mai bukata, da kuma matsayin ɗan kasuwa a kan wannan hanya. Za a fara da ma'anar kalmomi, sa'an nan a dubi tsarin Amurka, daga nan a bi tarihin buhun adana wake na PICS, a ƙarshe a jawo darasi ga makarantunmu.

2.0 Ma'anar Miƙa Fasaha

Abin da ake nufi da miƙa fasaha shi ne fitar da sakamakon bincike daga makaranta zuwa ga wanda zai sarrafa shi ya zama haja ko aikin da jama'a za su amfana da shi. Bisa al'ada akan bi matakai huɗu. Da farko mai bincike ya sanar da makarantarsa abin da ya gano. Na biyu, a auna ko abin sabo ne, ko kuma yana da masu saye. Na uku, a kāre shi da takardar mallakar ƙirƙira, watau shaidar da hukuma kan bayar domin kada wani ya ƙera abin ko ya sayar ba da izini ba. A Nijeriya, bisa dokar 1970, wa'adinta shekara 20 ne. Na huɗu, a ba wani kamfani lasisi ya riƙa biyan wani kaso daga cinikinsa, ko kuwa mai binciken ya kafa nasa kamfani da taimakon makaranta. A wannan mataki na huɗu ne miƙa fasaha ya haɗu da tallafa wa masu kafa sana'a, kuma a nan ne galibin ƙirƙire-ƙirƙire kan maƙale.

3.0 Tsarin Amurka da Iyakarsa

Kafin 1980, abin da aka gano a jami'o'in Amurka da kuɗin gwamnatin tarayya yawanci mallakar gwamnati ne. Gwamnatin ta tara takardun mallaka wajen 28,000, amma waɗanda aka ba kamfanoni lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, domin babu kamfanin da zai zuba dukiya a kan abin da gobe abokin hamayyarsa zai ɗauka kyauta. Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana na cikin waɗanda suka kai kuka ga Sanata Birch Bayh, shi kuma ya haɗa kai da Sanata Bob Dole, aka yi dokar da ake kira da sunansu, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a watan Disamba na 1980. Dokar ta yarje wa jami'a ta riƙe mallakar abin da ta gano, bisa sharaɗin ta sanar da hukumar da ta ba da kuɗin, ta nemi takardar mallaka, ta ba mai binciken rabonsa, ta kuma mai da ragowar kuɗin ga bincike da koyarwa.

Daga nan ofisoshin miƙa fasaha suka yawaita. Misalin da aka fi ambata shi ne na dabarar haɗa ƙwayoyin halitta da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka gano, wadda Jami'ar Stanford ta ba kamfanoni fiye da 400 lasisinta, aka tara kimanin dala miliyan 255 kafin wa'adinta ya ƙare a 1997. To, amma irin wannan sa'a ba kullum ake yin ta ba. Wani nazari da Cibiyar Brookings ta wallafa a 2013 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na jami'o'in da aka duba, abin da ya rage musu daga kuɗin lasisi bai isa ya riƙe ofishin kansa ba. Idan haka abin yake a ƙasar da ke cike da masana'antu, lalle makarantar da ta buɗe irin wannan ofis da zaton ta sami rijiyar kuɗi za ta daɗe tana jiran gawon shanu.

4.0 Buhun Adana Wake

Misali na biyu daga Jami'ar Purdue ɗin ya fito, amma a gonakinmu ya yi aikinsa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, kuma babban abokin gābar manomi bayan girbi shi ne ƙwaron wake. Macen kan yi ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga tana ci, cikin kimanin wata guda ta fito ta soma nata ƙwan. Kafin watanni kaɗan buhu ya koma huji da gari. Saboda haka manomi yakan sayar da kaka, lokacin da wake ya fi araha, ko kuwa ya barbaɗa maganin ƙwari. Illar wannan magani ta wuce gida, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar da aka samu a jikinsa.

Tun daga 1987 Farfesa Larry Murdock na Purdue, tare da masu binciken aikin gona na Kamaru a Marwa, suka shiga gwada hanyoyin adana wake ba tare da magani ba. Sun gwada toka, sun gwada dumama wake da zafin rana, sun kuma gwada sa shi cikin buhu mai ruɓi uku. Wannan na ƙarshe, a siffarsa ta yau, leda biyu ce masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sa'an nan buhun saƙa na roba daga waje. Akan zuba wake busasshe, a matse iska, a ɗaure bakin kowane ɗaya daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shaƙe 'yar iskar da ta rage; da ta yi ƙaranci sai su daina ci da haihuwa. Bincike ya nuna cewa ƙishirwa na cikin abin da ke kashe su, domin ƙwaron daga abincinsa yake samun ruwan jikinsa, kuma ba ya iya yin haka sai da iska.

Abin lura a nan shi ne, dabarar ta tabbata tun farkon shekarun 1990, amma ta yi shekara da shekaru ba ta yaɗu yadda ya kamata ba. Manomin da ya ji labarinta, in ya je kasuwa ba zai sami leda mai kaurin da ake bukata ba, wadda ya samu kuwa ƙwaro ya huda, ko ta yage. Ilmin yana nan a rubuce, abin da babu shi ne mai ƙera buhun da mai sayar da shi.

A 2007, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka fara shirin PICS a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka kuma tafi da abubuwa biyu kafaɗa da kafaɗa. Na farko gwaji a gaban jama'a. Malamin gona ya je ƙauye, mutanen gari su kawo wakensu a zuba a ɗaure a kan idon kowa, bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance buhun. An yi haka a ƙauyuka fiye da 30,000, tare da hukumomi irin su cibiyar IITA a Nijeriya da INRAN a Nijar, inda Dakta Ibrahim Baoua na Maraɗi ya yi gwaje-gwaje masu yawa. Gani ya kori ji. Na biyu shi ne gina silsilar ciniki: aka sami masana'antar da za ta ƙera buhun bisa ƙa'ida, kamar kamfanin Lela Agro na Kano, daga nan zuwa manyan diloli, zuwa masu shaguna, zuwa masu kasa kaya ran kasuwa. Jami'ar ta yi wa sunan PICS rajista a matsayin tambarin kasuwanci, tana ba masana'antu lasisi, domin mai saye ya iya bambanta na gaske da jabu. Masu nazarin shirin sun gano cewa idan mai sayar da buhun ya yi wa manomi nisan da ya wuce kimanin kilomita 7, amfani da shi yakan ragu sosai. Watau ɗan tireda na kasuwar ƙauye yana cikin fasahar kamar yadda kaurin ledar yake ciki. Daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa masara da dawa da sauran hatsi, har ya kai Gabashin Afirka.

Ba a rasa matsaloli ba. Buhun kayan lokaci ne, da kaka ake nemansa, don haka dole dila ya sa jarinsa watanni kafin ya ga riba. Ɓera kan huda shi idan aka ajiye shi a ƙasa, kuma waken da bai bushe ba yakan lalace a ciki. Duk waɗannan sai da horo, ga manomi da ɗan kasuwa baki ɗaya.

5.0 Darasi ga Makarantunmu

Nijeriya ba ta rasa hukumomi ba. Hukumar NOTAP, wadda asalinta ke komawa ga dokar 1979, ta soma buɗe ofisoshin mallakar ƙirƙira da miƙa fasaha a manyan makarantu tun 2006. Hukumar Kula da Jami'o'i ta wajabta darasin koyon kafa sana'a tun wajen 2007, an kuma yi dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a 2022. Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan sassa, domin sau da yawa ofishin mallaka yana wannan gini, cibiyar koyon sana'a tana wancan, ba mai sanin abin da ɗan'uwansa yake ciki. A ganina abubuwa huɗu ne suka fi gaggawa.

Na ɗaya, a canza ma'aunin nasara. Maimakon ƙidaya takardun mallakar da aka rataye a bango, a ƙidaya mutanen da ke amfani da abin, da waɗanda ke cin abinci ta hanyar ƙera shi ko sayar da shi.

Na biyu, kowace makaranta ta rubuta ƙa'idar rabo a fili: kason mai bincike, da na sashensa, da na makaranta, da na ɗalibi idan da hannunsa. Malamin da bai san rabonsa ba zai ɓoye abin da ya gano, ko ya sayar ta bayan gida.

Na uku, a shigo da maƙeri da ɗan kasuwa tun ranar da aka fara bincike. Mai walda ya san irin ƙarfen da ake samu da farashinsa, dilan hatsi na Dawanau ya san abin da manomi zai iya biya. Injin da aka ƙera da kayan da sai an yi odarsu daga waje ya mutu tun kafin a haife shi.

Na huɗu, darasin kafa sana'a ya jingina da abin da makarantar ta ƙirƙira. Ɗaliban da ake koya wa haɗa sabulu shekara bayan shekara, ana iya ba wasunsu wakilcin sayar da ingantaccen iri irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko ƙera na'urar da sashen fasaha ya gwada, tare da ɗan jarin juyawa da mai ba da shawara. Kwalejojin ilmi suna da gata a nan, domin ɗalibanmu na sashen aikin gona da na kasuwanci da na fasaha suna bazuwa ƙauyuka kowace shekara don gwajin koyarwa, kuma yawancinsu can za su koma da aiki.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa doka da takardar mallaka suna share fage, amma kuɗin lasisi kaɗan ne daga cikin makarantu ke samunsa da yawa. Tarihin buhun PICS kuma ya nuna cewa tsakanin fara bincike a Marwa da wadatar buhun a kasuwanninmu an yi shekara ashirin, kuma masana'anta da dila da ɗan tireda ne suka cike giɓin. Shawarar da nake bayarwa ga mahalarta wannan taro ita ce, kowane sashe ya koma ɗakin ƙere-ƙerensa ya zaɓi abu guda daga cikin waɗanda aka jingine, ya nemo wanda zai ƙera shi da wanda zai sayar, sa'an nan a zo taro na gaba da bayanin yawan waɗanda suka saya.