Injin Wankel da Injin Fistin: Wanne Ya Dace da Mu?

Motoci da baburan da ke kaiwa da komowa a Ƙofar Wunti ta birnin Bauchi, kusan dukkansu injin fistin ne ke tafiyar da su, wato wanda ƙonewar mai ke tura fistin yana hawa yana sauka cikin silinda. Amma akwai wata hikima dabam wadda Allah Ya hore wa wani Bajamushe, Felix Wankel, aka gwada ta a 1957, inda wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa cikin gidansa, babu hawa babu sauka. Saboda ƙanƙantar injin da saurin juyinsa, kamfanin Mazda na Japan ya sa shi a motocin gudu irin su RX-7, har motarsa ta tsere 787B ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1991. Sai dai yana da illoli, domin yana shan fetur da baƙin mai ainun, bakin kusurwoyinsa na saurin cinyewa, hayaƙinsa kuma ya yawaita, har aka daina ƙera RX-8, wata motar Mazda mai wannan injin, a 2012. Tun da makanikanmu fistin suka naƙalta, kayan gyaransa kuma na samuwa, haƙiƙa shi ne maslahar mai mota a Bauchi.