Yadda Rana Take Tsabtace Ruwan Sha

Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. Ni mutumin wani ƙauye ne da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar, ta wajen Maigatari. A irin garuruwanmu famfo bai kai ba, asibiti kuwa sai an sha tafiya. Da damina ruwan sama yakan kwaso ƙazanta ya zuba cikin tafki, mutum da dabba su sha wuri ɗaya. Ta nan ne amai da gudawa da taifot suke shiga gida, kamar yadda kwalara ta yi ɓarna a jihohin Arewa cikin 2021. Tafasa ruwa yana da kyau, amma itace ya yi wuya.

To, ashe ranar nan da take ƙona mu magani ce. A shekarun 1980 wani malami mai suna Aftim Acra, na Jami'ar Amurka da ke Beirut, ya nuna cewa hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta cikin ruwa. Akwai wani haske cikin rana wanda ido ba ya gani, shi da zafi su ne suke wannan aiki.

Ga yadda ake yi. A sami gorar roba fara, irin ta ruwan sayarwa, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a wanke ta sarai. In ruwan ya gurɓace, a bari ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta. Gwajinsa shi ne a tsayar da gorar bisa manyan baƙaƙen jarida, a leƙa ta baki. In ana iya karantawa, ruwan ya yi. Sai a cika ta, a rufe, a kwantar da ita bisa kwanon rufi, ta sha rana awa 6. In gari da hadari sosai, a bar ta kwana 2. Ranar da ake ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai a tafasa.

Amma a lura, rana ba ta fid da guba, irin maganin feshi na gona. Kada kuma a juye ruwan cikin randa mai datti, a ɓata aikin.

'Yan'uwana ɗalibai, in mun koma hutu mu nuna wa iyayenmu wannan dabara, don kuwa ba ta cin ko kwabo. Allah ya ba mu lafiya, amin.